Wasan Sitiyari Da Cin Taya A Hanyoyin Funtuwa Da Malumfashi

Duk wanda ya zauna a ƙasar Funtuwa da Malumfashi ya san idan kaka ta yi, motar gida ba ta samun hutu. Motar da aka saya domin kai iyali asibiti da ziyarar dangi, ita ce za ta yi sammako zuwa gona a bayan Bakori ta komo da buhunan masara, da azahar ta kai maigida kasuwar Ɗandume, kashegari kuma ta ɗauki malam da almajiransa zuwa ta'aziyya a Zariya. Ana nan ana nan, wata rana sai direba ya lura mota ta sake hali. Ya murɗa sitiyari kaɗan, ba ta amsa ba. Ya ƙara, sai ta zabura ta wuce inda ya nufa. A kan miƙaƙƙen titi ba ta tsayawa a hannunta, sai ya yi ta taro ta dama da hagu kamar mai kora akuya kasuwa. Wannan shi ne abin da direbobi ke nufi in sun ce sitiyari yana wasa, ko kuwa mota tana yawo.

Abin da akasarin mutane kan yi shi ne su zarce wurin masu alaimen, watau masu daidaita ƙafafun mota, su biya, su tafi suna murna. Bayan mako biyu ko uku ciwo ya komo, tayoyin gaba kuma sun fara cinyewa ta gefe ɗaya. Sai a zargi mai gyara, ko a ce mota ce ta tsufa, alhali kuwa yawanci ba nan laifin yake ba. Gyaran sitiyari yana da tsari, kuma bi da bi ake yinsa: a fara da taya, sa'an nan lodi, sa'an nan gaɓoɓin ƙafa, kana alaimen ya zo daga ƙarshe. Wanda ya fara da na ƙarshe ya yi asarar kuɗinsa, ya kuma koma kan hanya da iyalinsa a cikin motar da ba ta warke ba.

Hanyoyin Ƙasar Da Motocinta

Kafin a shiga bayanin gyara, ya kamata a dubi ƙasar da motar take bi. Auduga ce ta fara buɗe wannan yanki. Kamfanin B.C.G.A., wanda aka kafa a Ingila a 1902, ya gina injinan gurzar auduga a Funtuwa da Malumfashi, hanyar jirgin ƙasa kuma da ta taso daga Zariya ta ratsa Funtuwa da Gusau ta isa Ƙauran Namoda a 1929. Tun daga nan Funtuwa ta zama mararraba: ga hanyar Zariya, ga ta Gusau da Sakkwato, ga ta Birnin Gwari, ga kuma wadda ta bi ta Bakori da Malumfashi zuwa Katsina. A 1975 aka kafa shirin bunƙasa noma na Funtuwa da taimakon Bankin Duniya, tare da irinsa a Gusau da Gombe. Shirin ya fitar da hanyoyin burji zuwa ƙauyuka, ya yaɗa takin zamani, masara ta bunƙasa, mota kuma ta fara shiga lungunan da jaki da amalanke kaɗai suka sani a dā.

A wannan shekara ta 1975 ce kamfanin Fijo na Kaduna ya fara harhaɗa mota ƙirar 504, wadda dattawa ke tunawa da ita har yau saboda tsayin ƙafarta da jimirinta a kan gargada. Daga baya motoci 'yan Kwatano suka cika ƙasa, irin su Golf da Sharan da Corolla. Motoci ne masu kyau, amma yawancinsu gajeru ne, an ƙera su domin titunan Turai, kuma sun riga sun ci tafiya mai yawa kafin su iso hannun mai su na nan.

Ƙasar kuwa ba ta sassauta musu. Ruwan sama ya fi yawa a nan kudu bisa arewacin Katsina, saboda haka da damina ruwa yakan ci bakin kwalta, ya haƙa ramuka, ya fasa gindin kwalbati. Da rani hanyoyin burji na Ƙafur da Ɗanja da Daudawa sukan zama gargada da jar ƙura. Kowane rami da taya ta faɗa a guje, duka ne a kan ƙarafan ƙafa. Ƙura kuwa aikinta a ɓoye take yinsa, kamar yadda bayani zai zo.

Daga Hannun Direba Zuwa Taya

Tsakanin hannun direba da taya akwai gaɓoɓi da yawa, kowace tana miƙa umarni ga ta gaba. Daga sitiyari sanda ce ta gangara, da 'yar mahaɗa a tsakiyarta, ta isa wani ƙaramin haƙori mai juyawa. Shi kuma yana tura doguwar sanda mai haƙora da ke kwance a gicciye, wadda makanikai ke kira rak. A kowane gefen rak akwai sandar da ake kira tayirod, a ƙarshenta akwai wata gaɓa mai dunƙulen ƙarfe a cikin ƙoƙo, ita ce ke juya ƙafa. Ita kanta ƙafar tana tsaye a kan wata gaɓa irin wannan, watau boljoyin, wadda ke riƙe da hannun ƙarfe, hannun kuma yana manne da jikin mota ta kan robobin da ake kira bushin. A tsakiyar wili akwai boris.

To, idan kowace gaɓa ta ci kaɗan, ko da kaurin farce ne, in an tara su sai ya zama direba ya murɗa sitiyari da ɗan dama taya ba ta motsa ba tukuna. Misalinsa kamar saƙon baki ne da ya bi ta wurin mutum bakwai, kowa ya rage kalma ɗaya. Kafin ya isa ga mai shi ya raunana. Haka kuma labarin da taya ke aikowa daga titi zuwa hannun direba yakan ɓace a hanya, har ya zama ba ya jin inda ƙafafun gaba suka dosa.

Akwai ma'auni ga wannan wasa. A Ingila, inda aka fara duba motoci a 1960, birki da fitila da sitiyari ne abubuwan farko da doka ta ce a duba. Ƙa'idarsu ita ce, ga mota mai rak, wasan da ake aunawa a bakin da'irar sitiyari kada ya wuce milimita 13, watau kamar faɗin ɗan yatsa. Ga motoci masu akwatin sitiyari irin na dā kuwa, an yarda har milimita 75. Mai mota yana iya gwada tasa a ƙofar gida. Ya tsayar da ita ƙafafu a miƙe, ya ta da inji in mai fawa ce, ya tsaya a waje ya zura hannu ta taga, ya motsa sitiyari a hankali yana kallon taya. Iyakar abin da sitiyari ya motsa kafin taya ta amsa, shi ne wasan.

Kada a raina wannan ɗan faɗin yatsa. Motar da ke gudun kilomita 100 a sa'a tana cin kusan mita 28 a cikin daƙiƙa ɗaya. Idan sakacin sitiyari ya jinkirta ta rabin daƙiƙa, ta riga ta ci mita 14 ba inda direba ya so ba. A kan titin da babu shinge tsakanin mai zuwa da mai komowa, ga tirela tafe, ga mai babur da buhu a gefe, mita 14 ta isa komai ya faru.

Na Farko, Taya

Taya ce kaɗai ke taɓa ƙasa, kuma abin da kowace ke takawa bai wuce tafin hannu da yawa ba. Iska ta yi kaɗan, sitiyari ya yi nauyi, mota ta yi lanƙwasa a kwana kamar an taka katifa, gefunan taya biyu su cinye, ta yi zafi har ta kai ga fashewa. Iska ta yi yawa, sitiyari ya yi sakayau, mota ta yi ta tsalle a kan gargada, tsakiyar taya ya cinye. In kuwa ta dama da ta hagu ba su daidaita ba, mota za ta ja wajen mai ƙarancin iska.

Masu faci da yawa sukan cika kowace taya 40 ko fiye, suna ganin haka ya fi ƙarko. Amma awon da ya dace yana rubuce a jikin motar, a wata 'yar takarda da ke manne a dogaran ƙofar direba ko a murfin tankin mai, kuma ga yawancin ƙananan motoci yana tsakanin 30 da 35 ne. A motocin Turai takardar takan nuna awo biyu, na mota marar kaya da na mota cike. Lambar da ke jikin taya kuwa iyakar abin da za ta iya jurewa ce, ba abin da za a cika mata kullum ba. Da safe ake aunawa, kafin taya ta yi zafi, domin iska tana ƙaruwa da zafi tana raguwa da sanyi; awon da aka yi da azahar a cikin bazara ba zai zo daidai da na asubar hunturu ba.

Sai kuma shekarun taya. Tun da masana'antar Michelin ta Fatakwal ta rufe a 2007, ta Dunlop ta Ikeja ta bi bayanta a 2008, tayoyin waje ne suka cika kasuwa, har da na gwanjo, ko da yake doka ta hana shigo da tayar da aka riga aka yi amfani da ita. Tun daga shekara ta 2000 kowace taya tana ɗauke da lambobi huɗu a ƙarshen rubutun da ya fara da DOT: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Misali, 2319 tana nufin mako na 23 na 2019. Taya tana iya zama da zane mai zurfi amma robarta ta bushe ta tsattsage, irin wannan ba ta kama titi. Zanen kuwa in zurfinsa ya ragu zuwa milimita 1.6, aikinta ya ƙare. Lalle ne tayoyin gaba biyu su zama girma ɗaya, iri ɗaya. Idan mota tana ja gefe alhali iska daidai take, a gwada musanya ta dama da ta hagu, in ba masu kibiyar da ke nuna fuska ɗaya ba ne. In jan ya koma ɗaya gefen, to, laifin taya ne, ba na alaimen ba.

Na Biyu, Lodi

Wannan shi ne ciwon da ya fi yawa a ƙasar noma, shi ne kuma wanda makaniki ba ya gani, domin mota babu kaya ake kai masa. Ƙaramar motar gida abin da aka yi mata ta ɗauka, mutane da kaya duka, yawanci tsakanin kilo 400 ne da 500. A lissafa: manya biyar, kowa kilo 70, sun kai 350. A ƙara buhun masara biyu masu kilo 100 kowane, an kai 550, an wuce iyaka tun ba a sa jarkar manja da buhun taki ba.

Ba yawan nauyin kaɗai ne abin dubawa ba, har da wurin da aka aza shi. But yana bayan ƙafafun baya, saboda haka duk abin da aka loda a cikinsa yana danne baya yana ɗaga gaba, kamar sikelin ɗan kasuwa in an rinjayar da hannu ɗaya. Gaba in ya ɗaga, nauyin da ke kan tayoyin da ke juya mota ya ragu, sai sitiyari ya yi sakwaf, fitila kuma ta haska sama ta kashe idon mai zuwa. Direba sai ya ce mota tana yawo, alhali babu abin da ya lalace tukuna. Amma in aka dawwama a kan haka, sifirin ɗin baya ya kwanta, shakazoba ta zubar da manta, ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya ya tanƙware. Daga nan mota takan yi tafiya a karkace kamar kare mai sassarfa, ko da babu kaya. Falken da ke da buhu goma, sawu ɗaya na a-kori-kura ya fi masa araha bisa sawu uku na motar iyali da gyaran da zai biyo baya. In kuwa dole ce ta sa a ɗauki kaya, a matsar da mai nauyi gaba kusa da kujera, a ƙara iskar baya zuwa awon mota cike, a rage gudu.

Na Uku, Gaɓoɓin Ƙafa

Kowace gaɓa mai dunƙulen ƙarfe tana da 'yar rigar roba da ke riƙe giris a ciki, tana hana ƙura da ruwa shiga, haka rak yana da irin tasa a kowane gefe. Masu iya magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ranar da robar nan ta yage, ƙurar hunturu ta shiga ta gauraya da giris, ta zama kamar yashin da ake goge tukunya da shi, damina kuma ta zo ta ƙara tsatsa. Robar kuɗinta kaɗan ne. Gaɓar da ta mutu saboda ita ta ninka ta sau da yawa.

Gwajin ba wuya. Mota tana ƙasa, mutum ɗaya ya riƙa kaɗa sitiyari dama da hagu da ɗan ƙarfi, wani ya durƙusa yana kallon gaɓoɓin, ko ya ɗora hannu a kansu. Wadda ta ci za ta yi tsalle ko ta yi ƙwas-ƙwas. Sa'an nan a ɗaga ƙafa da jak, a tokare motar da abu mai ƙarfi, domin ba a shiga ƙarƙashin mota jak kaɗai na riƙe da ita. A kama taya ta gefe da gefe a girgiza: in akwai motsi, a tuhumi tayirod ko rak. A kama ta sama da ƙasa: in akwai motsi, a tuhumi boris ko boljoyin. A juya taya da hannu a saurara, gurnani alamar boris ne. A sa ƙarfe a ɗan taɓa hannun ƙafa, in bushin ya tsage za a ga hannun yana zamewa. Bushin da ya mutu shi ke sa mota ta kauce in an taka birki. A duba kuma ƙusoshin da suka ɗaure rak a jikin mota, da 'yar mahaɗar sandar sitiyari.

Motocin yanzu kusan duka suna da abin da ke sauƙaƙa murɗa sitiyari. Na mai ya fara fitowa a motocin kasuwa a Amurka a 1951, na lantarki kuma a Japan a 1988. In man fawa ya yi ƙasa, sitiyari yakan yi nauyi yana kuka, amma ƙara mai ba ya maganin wasa. Abin da ya kamata a nema shi ne inda man yake zuba, domin in ya ɗiga a kan bushin yakan ruɓar da robar.

A nan ne ya wajaba a yi gargaɗi a kan gyaran ganganci. Akwai mai dukan ƙoƙon boljoyin da guduma domin ya matse, akwai mai cusa masa leda ko guntun tsohon tufi na taya, akwai mai yi wa tayirod walda, ko ya gasa hannun da ya lanƙwashe da wuta ya miƙar, akwai mai ɗaure kushin rak tamau har sitiyari ya daina komowa da kansa. Duk waɗannan suna kashe ƙara na 'yan kwanaki, amma ƙarfen ya riga ya raunana. Ranar da dunƙulen boljoyin ya fita daga ƙoƙonsa, ƙafa takan kwanta a ƙarƙashin mota nan take, babu sitiyari, babu birki mai amfani. Motocin da ake gani a bakin hanya ƙafa ɗaya ta karye ta juya waje, akasari wannan ne ya same su. A shekarun nan da rashin tsaro ya addabi wajen Faskari da Sabuwa da Ɗandume, ko lalacewar mota a daji da magariba ma ba ƙaramin abu ba ne. Gaɓar da ta ci, sabuwa ake sa mata. Araha ba ta ado.

Na Huɗu, Alaimen

Sai an gama waɗannan uku sa'an nan awo yake da ma'ana, domin ƙafar da ke rawa ba ta aunuwa: a daidaita ta a gareji, kafin a kai bakin titi ta goce. Abubuwa uku ake aunawa.

Na farko, fuskantar tayoyin, in an dube su daga sama: bakinsu na gaba ya matso juna ne ko ya buɗe. Makanikai suna ce masa to-in da to-awut. Shi ne ya fi saurin gocewa, shi ne kuma ya fi cin taya. Ga lissafinsa. Tayar ƙaramar mota faɗin da'irarta kamar milimita 600 ne. In ta karkace da milimita 3 kacal, ɗaya ke nan cikin 200, ma'ana a kowane kilomita ana jan ta a gicciye mita 5, a tafiyar kilomita 100 kuwa rabin kilomita. Wanda ya shafa tafin hannu a kan irin wannan taya zai ji zanenta da kaifi ta gefe ɗaya, da santsi ta ɗayan. Bakin tayoyi in ya buɗe fiye da kima, mota takan yi ta bin kowane tsagi na titi. Jan nan kuma yana ƙara shan mai, wanda tun cire tallafi a watan Mayu na 2023 kowane mai mota ya san zafinsa.

Na biyu, tsayuwar taya in an dube ta daga gaba, watau kamba: a miƙe take, ko samanta ya kwanta ciki kamar mai gwame, ko ya kwanta waje. In ya wuce ƙa'ida, gefe ɗaya na taya ke cinyewa, in kuma dama da hagu sun saɓa, mota ta ja gefe.

Na uku shi ne kasta. Wanda ya dubi keke zai ga sandar da ke riƙe da ƙafar gaba ba a tsaye sak take ba, ta kishingiɗa baya, shi ya sa yaro ke iya sakin hannu keke ya ci gaba a miƙe. Haka aka yi wa mota. Kasta ce ke mayar da sitiyari tsakiya bayan an sha kwana, in ta ragu mota ba ta son tafiya a miƙe.

Abin lura shi ne, a yawancin ƙananan motoci na farkon kaɗai ake iya gyarawa da sifana. In awo ya nuna kamba ko kasta sun fita, ma'anarsa wani ƙarfe ya lanƙwashe, ko sifirin ya kwanta, sai a nemo shi a canja. Hatta hannayen da tayirod ke turawa an karkata su ne bisa lissafi, domin tayar cikin kwana ta juya fiye da ta waje. Wani maƙerin keken doki na birnin Munich a Jamus, Georg Lankensperger, shi ya tsara wannan dabara, Rudolph Ackermann kuma ya yi mata rajista a Ingila a 1818, tun babu mota. Hannun nan in ya lanƙwashe, taya takan yi ƙara a kwana ko da a hankali ake tafiya, kuma murɗa tayirod ba zai gyara shi ba.

Ko da na'ura aka auna ko da zare irin na tsofaffin makanikai, sharuɗɗan ɗaya ne. Daɓe ya zama shimfiɗaɗɗe, iska daidai, but babu kaya, wili ba lanƙwasasshe ba. A auna ƙafafu huɗu, domin gaba yana bin baya ne. A kulle sitiyari a tsakiya, a murɗa tayirod na dama da na hagu gwargwadon abin da kowane yake bukata, kada a gyara gefe ɗaya a bar sitiyari a karkace. Zare a hannun gwani yana iya daidaita to-in sarai, amma ba ya nuna kasta. Inda na'ura take fitar da takarda, mai mota ya karɓi awon kafin gyara da na bayansa, kamar yadda ba ya barin wurin awon auduga sai da takardarsa. Wasu motoci masu sitiyarin lantarki kuma suna bukatar a saita musu tsakiyar sitiyari da kwamfuta bayan an gama.

Abubuwa Biyu Da Ake Rikitawa

Karkarwar sitiyari dabam take da wasa. In sitiyari yana rawa a hannu wajen gudun kilomita 80 zuwa 110, ya lafa in an rage, wannan rashin daidaiton nauyin wili ne, maganinsa balansin, watau manna 'yar dalma a bakin wili. Da damina sau da yawa laka ce kawai ta bushe a cikinsa, wanki ya isa. In kuwa sai an taka birki yake rawa, a dubi faifan birki.

Haka kuma ɗan gangarawa dama a hankali ba lalle ne ya zama ciwo ba. Ana gina titi da tudu a tsakiya domin ruwa ya gangara gefe, kuma tun ranar 2 ga Afrilu, 1972, da Nijeriya ta koma tuƙi ta hannun dama, gangaren yana wajen dama ne. A gwada a fili shimfiɗaɗɗe kafin a yanke hukunci. Amma motar da aka shigo da ita da sitiyari a dama aka mayar da shi hagu, wannan sai an duba ta da kyau, musamman inda aka huda ko aka yi walda domin ɗaure rak.

Lokacin Dubawa

Shekarar manomi ita ce ta fi dacewa a bi. A duba ƙafa sau ɗaya in ruwa ya ɗauke, kafin jigilar kaka, domin damina ta riga ta yi ɓarnarta. A sake dubawa kafin ruwan shuka, bayan ƙurar rani. A duba kuma duk ranar da mota ta faɗa babban rami ko ta daki bakin kwalbati, da duk ranar da aka canja wata gaɓa ko aka sa sababbin tayoyi. Iska kuwa a auna ta ko da sau biyu ne a wata. Mai niyyar doguwar tafiya, ɗaurin aure a Sakkwato ko kai yara makaranta a Katsina, ya kai mota gareji tun da sauran kwanaki, gama ba a fafe gora ranar tafiya.

Ɗan kasuwa ya san lissafi: kuɗin kan tayirod bai kai na sabuwar taya ɗaya ba, kuma in an bar shi zai cinye biyu. Malamai kuwa sun san cewa wanda ya ɗauki mutane a motarsa ya ɗauki amana, matar gida da yara da almajirai ba su san abin da ke ƙarƙashin mota ba, sun dogara ne ga mai ita. Saboda haka in sitiyari ya fara wasa, maigida ya tsaya a kan makaniki a bi tsarin nan a gabansa, a nuna masa gaɓar da ta ci da idonsa, a ba shi tsohuwar a hannu, sa'an nan a yi awo. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya. Wassalam.